Waiwaye: Daga Dalma Zuwa Farar Wuta

A shekarar 1975, yawancin sababbin motocin da suka fito kasuwa a Amurka sun zo da wani ɗan akwatin ƙarfe a jikin salansa. Shi ne abin nan da makanikanmu suke kira indomi, wanda yau wasu ke cirewa a ɓoye su sayar wa masu neman ƙarfe mai tsada da ke cikinsa. Aikinsa ya ƙarasa ƙone gubar da inji ya fitar kafin ta shiga iska. Ba don Allah kamfanonin mota suka saka shi ba, dokar tsabtace iska ta 1970 ce ta matsa musu. To amma akwatin yana da abokiyar gaba, ita ce dalma. Mota ta sha fetur mai dalma sau kaɗan, akwatin ya mutu murus. Ta haka dokar da aka rubuta domin bakin salansa ta zarce ta faɗa cikin matatar mai, kuma yau shekara hamsin ke nan ba ta fito ba.

Sai mun leƙa cikin matatar kafin mu gane ɓarnar da ta yi da gyaran da ta kawo. Ɗanyen mai gauraye ne. Idan aka dafa shi aka tura tururinsa cikin doguwar hasumiya, kowane kashi yakan tsaya inda nauyinsa ya kai shi: gas a can ƙoli, sai fetur, sai kananzir, sai dizal, mai kauri da kwalta kuma su taru a gindi. Fetur ɗin da ake samu ta wannan hanya kaɗan ne, ba shi da ƙarfi, alhali shi kasuwa ta fi nema. Mai kaurin kuwa ga shi nan jibge. Dabarar da ta rufa wa masana'antar asiri ita ce a fasa manyan ƙwayoyin mai kauri su koma ƙanana irin na fetur. William Burton ya yi haka a 1913 da zafi da matsi kawai. Daga baya wani injiniya Bafaranshe mai son tseren mota, Eugène Houdry, ya gano cewa wani irin yumɓu da aka wanke da asid yana sa fasawar ta yi sauri, fetur ɗin kuma ya fi kyau. Babbar na'urarsa ta fara aiki a matatar Sun Oil da ke Marcus Hook a jihar Pennsylvania a 1937. A watan Mayun 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen sama na bukatar mai ido rufe, kamfanin Standard Oil na New Jersey ya kunna wata sabuwar na'ura a Baton Rouge. A cikinta an mayar da yumɓun gari mai laushi, yana gudu cikin bututu tare da tururin mai. Ita ce ake kira FCC, kuma har gobe ita ce uwar fetur a yawancin matatun duniya.

Wannan gari shi ne katalis. Katalis a matata kamar kanwa ne a tukunyar wake, shi ke sa abin da zai ci yini ya nuna nan da nan. Bambancin shi ne kanwa tana narkewa ta bi wake, shi kuwa yana fitowa a sake tura shi. Garin yakan gamu da mai a gindin wani dogon bututu, cikin zafin da ya haura digiri 500, kuma kafin ka ƙirga uku aiki ya ƙare. Sai ya fito baƙi ƙirin, gawayi ya lulluɓe shi, a kora shi wani ɗaki a hura masa iska gawayin ya ƙone a wajen digiri 700, ya dawo tas, ɗauke da zafin da za a yi fasawa ta gaba. Tan-tan ne ke kewayawa a kowane minti, dare da rana, shekara uku ko huɗu ko biyar ba a kashe ba. Kullum kuma sai an ƙara sabo, domin ƙarafan nikel da banadiyam da ke cikin ɗanyen mai suna kashe shi sannu a hankali. A farkon shekarun 1960 wasu masana biyu na kamfanin Mobil, Charles Plank da Edward Rosinski, suka sa ziyolait a cikin garin, wani sinadari mai ɗauke da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Nan take fetur ɗin da ake samu daga ganga guda ya ƙaru sosai.

A wancan zamani mai matata abu ɗaya ya dame shi, yawa. Ƙarfin fetur ba damuwarsa ba ne, domin yana da magani mai araha. Inji yana matse tururin fetur kafin filogi ya kunna shi. Fetur mara ƙarfi ba ya jira, sai ya kama da kansa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Ma'aunin wannan haƙuri shi ake kira oktan. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa ɗigon wani haɗin dalma yana ɗaga oktan, aka fara sayarwa a 1923. Tun a 1924 ma'aikata suka mutu a masana'antar da ake haɗa shi a New Jersey, wasu suka zauce, amma aka ci gaba. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wannan gubar ce duniya ta yi fiye da rabin ƙarni tana fesawa a kan titi. Wani abin tausayi shi ne Houdry da kansa ya ƙirƙiro akwatin tace hayaƙin mota tun a shekarun 1950, dalma ta hana shi aiki, ya rasu a 1962 bai ga ranarsa ba.

Da aka fara janye dalma, dole matata ta nemo oktan daga cikin gida. Sashen da ke gyara fetur da katalis na filatinam aka ƙara masa wuta. A FCC kuwa aka ɗaga zafin bututu, aka kuma canza girkin katalis ɗin kansa. An lura cewa ziyolait da aka cika wa wasu ƙarafa masu wuyar samu, irin su lantanam, yana ba da fetur mai yawa amma mai rauni, wanda aka rage wa su kuma yana barin ƙwayoyin da ake kira olifin, masu ɗaga oktan. Sai kamfanonin katalis suka koma wannan. A 1983 aka fara gwada wani ziyolait na Mobil mai suna ZSM-5, wanda ramukansa ƙanana ne ƙwarai, ƙwayoyi marasa oktan kaɗai ke iya shiga, ya daddatsa su. Ana ɗan yin asarar yawa, ana samun ƙarfi. Amurka ta rufe babin dalma a motoci a 1996, Tarayyar Turai a 2000.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Ƙara wa sashen filatinam wuta ya ƙara yawan benzin, sinadarin da ke jawo sankarar jini, sai da aka sake yi masa tasa dokar: Turai ta tsaida shi a kashi 1 cikin ɗari daga 2000, Amurka ta sauko da shi zuwa kashi 0.62 a 2011. Sannan ga MTBE, wanda ake haɗawa daga iskar da FCC ke fitarwa. Bayan gyaran dokar iska na 1990, matatu sun zuba maƙudan kuɗi suka gina sassan yin sa, domin yana ɗaga oktan yana kuma rage hayaƙi. Ashe yana bin ruwa. Tankunan gidajen mai da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa suka kai shi rijiyoyi, a 1996 birnin Santa Monica ya rufe rijiyoyin da yake sha daga cikinsu, jihar California ta hana shi daga 2004, kafin 2006 ta ƙare an maye gurbinsa da etanol na masara. A ganina laifin a nan na masu rubuta dokar ne, domin sun wuce faɗin irin iskar da suke so, sun shiga tsara abin da za a zuba a cikin mai.

Duk wannan sharar fage ce idan aka kwatanta da yaƙin farar wuta, wato salfa. Dalma zuba ta ake yi, in an ga dama a daina. Farar wuta kuwa da ita ɗanyen mai yake fitowa daga ƙasa, tana manne cikin ƙwayoyinsa, sai an ɓamɓare ta da ƙarfi. Idan ta ƙone tana zama ƙura mai laushi da ke shiga can cikin huhu, tana kuma dakushe indomi, ta toshe matatar hayaƙin motocin dizal na zamani. Ana auna ta da kashi cikin miliyan. Dizal ɗin Turai ya sauko daga 500 a 1996 zuwa 350 a 2000, zuwa 50 a 2005, zuwa 10 a 2009. Amurka ta kawo nata 15 a 2006. Fetur ɗinta, da ke kusan 300, ya sauko 30 tsakanin 2004 da 2006, sannan 10 a 2017.

Nauyin ya faɗa kan FCC ne kai tsaye. Fetur ɗin da take fitarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko ɗan sama da haka na abin da ake haɗawa a tanki ba, amma kusan kashi tara cikin goma na farar wutar daga gare ta yake. Maganin sananne ne: a haɗa man da iskar haidurojin cikin zafi da matsi, a bi da shi ta kan wani katalis na kobalt ko nikel da molibdinam, farar wutar ta rabu ta fita a matsayin iska. Tambayar ita ce a ina za a yi wankin. In ka wanke mai kaurin tun kafin ya shiga FCC, ka huta, katalis ɗinka zai daɗe, fetur zai ƙaru, hayaƙin bututun matatar ma zai ragu, amma na'urar tana da tsadar gaske kuma tana shan haidurojin kamar me. In ka bari sai fetur ya fito ka wanke, ya fi araha, sai dai haidurojin ba ta da zaɓe, tana cire farar wuta tana kuma lalata olifin ɗin nan da aka sha wuya aka samar domin cike gurbin dalma. Ka tsabtace fetur, ka rasa oktan. Wannan tsaka mai wuya ce ta haifar da dabarun da suka mamaye matatu tun farkon shekarun 2000, irin su Prime-G+ na Faransawa, SCANfining na ExxonMobil, da S Zorb na Phillips wanda Sinopec ta China ta saya a 2007. Galibinsu a kan abu ɗaya suka dogara: olifin ya fi taruwa a kashi mara nauyi na fetur, farar wuta kuma a kashi mai nauyi, sai a raba, a yi wa kowanne wankin da ya dace da shi.

Dizal ya fi taurin kai. Sauko da shi daga dubbai zuwa 500 ba wuya. Daga 50 zuwa 10 ne ake jin jiki, domin abin da ya rage wasu ƙwayoyi ne da suka ɓoye farar wutarsu a tsakiya yadda katalis ba zai kai gare ta ba sai an fara lanƙwasa su. Kuma mafi yawansu suna cikin kashin dizal da FCC ke fitarwa. Dole aka ƙara matsi, aka ƙara girman tukwane, aka ƙirƙiro katalis masu ƙarfi, aka gina masana'antun haidurojin daga iskar gas. Turai, inda motocin dizal suka yi yawa, ta karkata ga fasa mai da haidurojin, wanda ke fitar da dizal mai tsabta tun farko.

Farar wutar da aka cire ma ba ta ɓata ba. Ana mayar da ita dunƙule mai ruwan ɗorawa, a tara tsibi-tsibi. Yau mafi yawan farar wutar duniya daga matatun mai da gas take, har haƙar ta daga ƙasa ta mutu a Amurka a 2000. Da ita ake yin asid ɗin da ake narka dutsen fosfet a yi takin zamani. Mai yiwuwa buhun takin da manomin Funtuwa ya zuba wa masararsa yana da alaƙa da dokar hayaƙin wata ƙasa da bai taɓa jin sunanta ba.

A kowane zagaye masu matatu sun yi kuka. Da za a sauko da fetur zuwa 10 a Amurka, ƙungiyarsu ta API ta ce galan zai ƙaru da senti 6 zuwa 9, hukumar muhalli ta EPA ta ce bai kai senti ɗaya ba. Ba na cikin masu cewa kukan duk na ƙarya ne, domin wasu tsofaffin ƙananan matatu sun duba kuɗin gyara suka ga gara su rufe. Amma abin lura shi ne yadda aka tafiyar da lamarin. Dokar dizal an sa mata hannu tun ƙarshen 2000, aka ce sai 2006. Ta fetur an kammala ta a 2014, aka ce sai 2017, ƙananan matatu aka ƙara musu wa'adi. An san ba a fafe gora ranar tafiya, tukunyar ƙarfe mai jure irin wannan matsi sai an yi odarta da shekaru. An ba da lokaci, amma ranar da aka sa ba ta motsa ba, kuma akwai masu zuwa su ɗebi mai su auna. Mai matata ba zai ci bashin ɗaruruwan miliyoyin dala ba sai ya tabbata cewa maƙwabcinsa da bai kashe ko sisi ba ba za a bar shi ya sayar ba.

To ina kashin man da ya fi ƙazanta, wanda wankinsa bai biyan kuɗinsa, yake tafiya? Wani a tura shi man jiragen ruwa, kafin hukumar sufurin teku ta duniya ta rage wannan ƙofa a 2020, ta sauko da iyaka daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari. Wani kuma a loda shi a jirgi a nufo mu. A watan Satumbar 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton man da ta ɗebo daga gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Gana, Benin da Mali. Ta samu dizal mai farar wuta har ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi. 'Yan kasuwa ke gauraya shi a tashoshin Amsterdam, Rotterdam da Antwerp. Ba su karya dokar kowa ba. Iyakar Nijeriya a lokacin 3,000 ce a dizal, 1,000 a fetur, su kuwa suka cika mudun daidai inda muka ce. Abin haushin shi ne ɗanyen manmu irin Bonny Light yana cikin masu ƙarancin farar wuta a duniya, shi ya sa Turawa ke rububinsa.

A kan dalma Afirka ta yi abin a yaba. An yi alkawari a Dakar a 2001, zuwa farkon 2006 ƙasashen kudu da Sahara sun daina, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Wannan bai bukaci gina komai mai yawa ba. Farar wuta ce ta tona mu. Ƙasashen gabashin Afirka biyar sun koma dizal mai 50 a farkon 2015, kuma abin ya zo musu da sauƙi ne domin matatar Mombasa ta riga ta tsaya tun 2013, ba sauran wanda za a kare. A Disambar 2016 Nijeriya, Benin, Togo, Gana da Kodebuwa suka yi irin wannan alkawari a Abuja. Gana ta cika a 2017. Nijeriya ta sa Yulin 2017, ranar ta zo ta wuce. ECOWAS ta sake sa 2021 ga man da ake shigowa da shi, ta ba matatun cikin gida zuwa 2025. Kafin mu gama shiri, sai ga Holan a 2023 da Beljiyam a 2024 sun hana fitar da irin wannan mai daga tashoshinsu. Mai sayarwa ya riga mai saye jin kunya.

Wannan tarihi ne ke zuwa mini duk lokacin da aka tada maganar gyaran matatar Kaduna. Kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta, aka buɗe a 1980, daga baya aka kai ta ganga 110,000 a rana, kuma tana da FCC ɗinta. An zana ta ne bisa ma'aunin shekarun 1970, lokacin da ake zuba dalma kuma ba mai tambayar farar wuta. Ko da an maido da kowane famfo da kowace tukunya yadda suke ranar buɗewa, man wancan zamani za ta fitar. Tambayar da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su riƙa yi wa duk mai riƙe da kwangila ita ce wane sashen wanki za a ƙara, ina haidurojin za ta fito, kuma farar wuta nawa za a samu a litar da za ta fita ƙofa. Ita ce kuma tambayar da ta dace da matatar SORAZ ta Damagaram, mai ganga 20,000 a rana, wadda ta fara aiki a 2011, duk da cewa ita yarinya ce a kan ta Kaduna.

Matatar Dangote da ke Legas ta zo a zamanin da aka riga aka san duk wannan, aka gina ta da sassan wanki da na fasa mai da haidurojin tun daga tushe. Duk da haka, a Yulin 2024 farar wuta ce ta zama abin faɗa tsakaninta da NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan harkar man fetur. Shugaban hukumar na lokacin, Farouk Ahmed, ya ce dizal ɗin matatun cikin gida ya fi na waje farar wuta. Aliko Dangote ya sa aka auna nasa da wanda aka sayo a gidajen mai a gaban 'yan majalisar wakilai, ya ce akasin haka ne. Mutane suka rabu biyu, kowa ya bi wanda yake so. Direban tirela a Mararrabar Jos da mai injin niƙa a Kurna ba su da hanyar sanin gaskiya, domin dizal mai 50 da mai 2,000 ba a rarrabe su da ido a bakin famfo. Abin da na so in gani bayan ƙura ta lafa shi ne hukumar ta riƙa ɗibar mai a gidajen mai gari-gari, tana buga sakamakon duk wata da sunan kowane dillali. Na'urar awon ba ta fi a ɗauka a hannu ba, kuma cikin 'yan mintoci take ba da amsa.